Labarin Yukio Mishima, Marubucin Ƙasar Jafan

Cikin marubutan ƙasar Jafan na ƙarni na 20 da wuya a sami wanda aka yi gardama a kansa kamar Yukio Mishima. Ba mai musun cewa gwanin alƙalami ne, gama ya bar littattafan hikaya fiye da 30 da wasannin kwaikwayo wajen 50, alhali shekara 45 kaɗai ya yi a duniya. Gardamar tana kan kishin ƙasarsa ne, da kuma irin mutuwar da ya zaɓa wa kansa. Waɗansu suna ganinsa jarumi, waɗansu kuwa suna ganinsa mutum ne da ya ruɗi kansa, kana ya ja ɗan mutane zuwa kabari. Ga labarinsa, 'yan'uwa ɗalibai. Kowa ya karanta ya auna da kansa, ko da ya ke ni ma ba zan ɓoye nawa ra'ayi ba.

An haife shi a birnin Tokiyo ran 14 ga watan Janairu, 1925. Sunansa na yanka Kimitake Hiraoka. Ubansa, Azusa, ma'aikacin gwamnati ne a ma'aikatar gona, uwarsa kuwa, Shizue, 'yar wani shugaban makaranta ce. Amma ba su ne suka rene shi ba. Tun bai cika wata biyu ba kakarsa ta wajen uba, Natsuko, ta karɓe shi daga hannun uwar, wai bai kamata a reni jariri a kan bene ba. Ta sa gadonsa kusa da nata a ɗakin ƙasa. In lokacin shan nono ya yi sai a kai shi wurin uwar, tsohuwa na tsaye da agogo tana auna lokaci, kana a komo da shi.

Ita wannan tsohuwa jikar manya ce. Ta fito daga zuriyar samurai, watau baraden sarakunan da, kuma ta yi ƙuruciyarta a gidan wani yarima na gidan sarauta. Mijinta ya taɓa yin gwamnan Karafuto, amma ya sauka da abin kunya da bashi a wuyansa, saboda haka ta zauna da baƙin cikin an aurar da ita inda bai kai ta ba. Ga ta kuma da ciwon jijiya mai tsanani. Ɗakinta kullum a rufe, ba rana, ba iska, sai warin magani. A nan yaron ya zauna har ya kai shekara 12. An hana shi wasa da yara maza, an hana shi guje-guje, sai 'yan mata 'yan'uwansa da 'yar tsana. Shi ke ba ta magani, shi ke matsa mata ƙafa. Me ya rage wa yaro a irin wannan ɗaki in ba littafi ba? Ya karanta tatsuniyoyi iyakar karatu, kuma shi da kansa ya faɗa daga baya cewa waɗanda suka fi jan ransa su ne na 'ya'yan sarakuna da a ke kashewa suna samari.

Yana da shekara 6 aka sa shi Gakushuin, makarantar da aka kafa domin 'ya'yan sarauta da na manyan ƙasa. Yaro ne siriri, fari fat, ba ya iya kokawa, yara suna yi masa ba'a. Amma wajen rubutu ba wanda ya kama ƙafarsa. Ubansa bai so wannan ba ko kaɗan. Yana ganin rubuta hikaya aikin banza ne, har ya kan shiga ɗakin yaron ya yayyage takardunsa. Uwar ce ke karanta masa a ɓoye tana ƙarfafa shi.

A nan ne malamai suka shigo labarin, kuma ina roƙon mu da mu ke koyon aikin malanta mu lura da wannan wuri. Malaminsa na harshen Jafan, Fumio Shimizu, ya ga wata hikaya da yaron ya rubuta yana da shekara 16, mai suna Hanazakari no Mori, watau Kurmi Cikin Fure. Ya kai wa abokansa da su ke buga wata mujalla tare, aka buga ta cikin 1941. Don kada uban ya gane, sai malaman suka raɗa wa yaron sunan aro, Yukio Mishima. Wannan alheri ne babba, kuma Mishima bai manta da shi ba har ya mutu. Sai dai su mutanen wannan mujalla suna da wata aƙida da su ke shayar da almajiransu tare da nahawu da waƙa. A wurinsu Jafan ƙasa ce mai tsarki, Sarkinta jikan allahiyar rana ne, kuma ba abin da ya kai saurayi ya mutu dominsa kyau. Wanda ya fi zafi a cikinsu shi ne Zenmei Hasuda, wanda ya yaba wa yaron a rubuce yabo mai yawa. Hasuda ya tafi yaƙi. Cikin watan Agusta 1945, a ƙasar Malaya, 'yan kwanaki bayan Jafan ta ba da kai, ya harbe kwamandansa don yana ganin ya ci mutuncin Sarki, sa'an nan ya kashe kansa. To, kun ji irin mutumin da ya fara gaya wa Mishima cewa shi wani abu ne. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, amma ba a cika tambaya ba ko wane gefe aka tanƙwara.

Cikin 1944 ya gama makaranta, shi ne na ɗaya a ajinsu, aka ba shi agogon azurfa kyautar Sarki Hirohito. Bayan shekara 25 yana ba da labarin yadda ya ga Sarkin zaune a wurin bikin, sa'a uku bai ko motsa ba, abin ya shiga ransa bai fita ba.

Yanzu ga abin da na ke gani shi ne tushen dukan sauran labarin. A watan Fabrairu 1945 takardar kiran soja ta iso masa. Lokacin nan Jafan tana cikin halaka, kowane saurayi ya san tafiya ce wadda ba a cika dawowa ba. Mishima ya rubuta wasiyyarsa, ya tafi wurin gwaji tare da ubansa. Ashe mura ta kama shi a hanya, ga zazzaɓi. Likitan soja ya ɗora masa abin sauraron ƙirji, ya zaci ciwon huhu ne, ya sallame shi. Uban ya ba da labari daga baya cewa da suka fita ƙofar bariki da gudu suka bar wurin, don kada a kira su a ce an yi kuskure. Rundunar da zai shiga aka kai ta tsibiran Filifin, kaɗan ne suka komo. A cikin littafin da ya fara yi masa suna, saurayin da ke ba da labari ya amsa cewa ya ƙara wa likita gishiri a kan ciwon nasa, kuma ya yi mamakin kansa, shi da ke mafarkin mutuwa kullum, ga ta ta zo ya ranta a na kare. Hikaya ce, ba shaidar kotu ba, amma masu karatu da yawa sun ɗauka kansa ya ke nufi. Ko ma dai yaya ne, Mishima bai taɓa ganin fagen fama ba. Bai ji yunwar daji ba, bai binne aboki ba. Yaƙin da ya sani shi ne na cikin littafi, da na jiragen Amurka da ya ga suna ƙone Tokiyo.

Ran 15 ga Agusta 1945 Sarki ya yi magana ta rediyo, mutanen ƙasa suka ji muryarsa karo na fari, ya sanar da su an ajiye makamai. Bayan wata biyu ƙanwar Mishima ta mutu da zazzaɓin taifot tana da shekara 17, shi ya yi jinyarta, kuma ya ce mutuwarta ta fi faɗuwar ƙasar taɓa shi. Ran 1 ga Janairu 1946 Sarkin ya fitar da sanarwa cewa shi ba allah ba ne, mutum ne. Cikin 1947 sabon tsarin mulki ya fara aiki, wanda ma'aikatan Janar Makata na Amurka suka tsara asalinsa. Sashe na 9 na tsarin ya ce Jafan ta rabu da yaƙi har abada, ba za ta riƙe sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama ba. Ku riƙe waɗannan abubuwa biyu, sanarwar Sarki da Sashe na 9, gama za mu komo kansu.

Abin mamaki, a shekarun nan Mishima bai nuna ya damu da siyasa ba. Ya karanta shari'a a Jami'ar Tokiyo don ya faranta wa ubansa, ya gama cikin 1947, ya sami aiki a Ma'aikatar Kuɗi, aikin da kowane uba ke yi wa ɗansa fata. Da rana ofis, da dare rubutu, har ya kusa faɗuwa don gajiya. Bayan wata tara ya ajiye aikin. Ya riga ya sami uban gida, babban marubuci Yasunari Kawabata, wanda ya taimaka aka fara buga masa gajerun labarai. Cikin 1949 ya fitar da Kamen no Kokuhaku, watau Ikirarin Mai Rufin Fuska, labarin wani saurayi da ya gane sha'awarsa ba ta zuwa ga mata sai ga maza, ya dinga rayuwa yana ɓoye kansa. A ciki ne ya ba da labarin hoton waliyyi Sabastiyan, sojan Rum wanda aka ɗaure a jikin itace aka harbe da kibau saboda bangaskiyarsa. Abin da ya kama yaron a hoton ba bangaskiyar ba ce, kyan jikin saurayin ne da kuma azabarsa. Littafin ya sa Mishima ya yi suna yana da shekara 24.

Daga nan sai abu ya yi ta gaba. Ya zaga duniya cikin 1952, ƙasar Girka ta burge shi ƙwarai, ya komo ya rubuta Shiosai, watau Ƙugin Teku, labarin soyayyar wani yaro masunci da wata yarinya a wani ɗan tsibiri. In za ku fara karanta shi, da wannan ya kamata ku fara, gama shi ne mafi sauƙi da haske. Cikin 1956 ya fitar da Kinkakuji, wanda da yawa ke cewa shi ne gwaninsa. Asalin labarin gaskiya ne. A shekarar 1950 wani saurayi mai koyon aikin firist ya sa wa Haikalin Zinariya na birnin Kiyoto wuta, gini mai shekara fiye da 500. Mishima ya shiga zuciyar wannan yaro mai i'ina, ya nuna yadda kyan haikalin ya danne shi har ya ga ba shi da sauran sukuni sai ya ƙone shi. Wanda ya karanta wannan littafi ba zai ce mai shi bai san zuciyar ɗan Adam ba.

Yana da shekara 30 ya ɗauki wani sabon aiki, watau gina jikinsa. Ya shiga ɗaga ƙarfe sau uku a mako, bai fasa ba har ƙarshen ransa, ya koyi wasan takobi na Jafan da a ke kira kendo. Yaron nan da likita ya kora ya zama ƙaƙƙarfa mai faɗin ƙirji, kuma ba ya gajiya da tsayawa gaban mai ɗaukar hoto. Har hoton waliyyi Sabastiyan ya sa aka ɗauke shi, ɗaure da kibau a jiki. Ya yi aure cikin 1958, suka haifi 'ya'ya biyu. Ya fito a sinima. Ya gina gida irin na Turawa a Tokiyo, da gunkin Afolo na Girkawa a tsakar gida. Wannan fa shi ne mutumin da zai zo yana kukan Jafan ta sayar da ranta ga baƙi. Ban faɗi haka don ba'a ba, sai don a ga cewa Jafan ɗin da ya ke kishi ba wadda ya ke zaune a ciki ba ce.

Shekarar 1960 ce ta juya shi. A wannan shekara dubban ɗaruruwan mutane suka fito titi suna ƙin sabunta yarjejeniyar tsaro tsakanin Jafan da Amurka, kuma a watan Oktoba wani yaro ɗan shekara 17 ya soke shugaban jam'iyyar Soshalis, Inejiro Asanuma, a kan dandamali. Cikin wannan hayaniya Mishima ya rubuta gajeren labari mai suna Yukoku, watau Kishin Ƙasa. Ya ɗauko shi daga abin da ya faru ran 26 ga Fabrairu 1936, sa'ad da shi yana ɗan shekara 11. A ran nan waɗansu ƙananan hafsoshi suka fito da soja wajen 1,500 cikin dusar ƙanƙara, suka kama tsakiyar Tokiyo, suka kashe Ministan Kuɗi Korekiyo Takahashi da waɗansu manya. Suna cewa miyagun fadawa da attajirai sun kange Sarki daga talakawansa, su kuwa za su mayar masa da mulki. Amma Sarkin da su ke yi dominsa ya husata, ya kira su 'yan tawaye, ya ba da umurni a murƙushe su. Cikin kwana huɗu abin ya watse, aka harbe shugabannin. A labarin Mishima wani laftana ne sabon ango, abokansa suna cikin masu tawaye, an umurce shi ya yaƙe su. Ya rasa yadda zai yi, sai shi da amaryarsa suka kashe kansu. Mishima ya zuba dukan gwanintarsa wajen ƙawata wannan mutuwa, daga baya ma ya mai da labarin sinima, shi da kansa ya fito a laftanan.

To, mene ne ainihin abin da ya gaskata? Ba shi da sauƙin faɗa, domin ba irin kishin ƙasar 'yan siyasa ba ne. Yana ganin duk abin da ya sa Jafan ta zama Jafan, waƙoƙinta, da ibadunta, da wasanninta, da takobinta, suna da cibiya guda, ita ce sarauta. Ba mutumin da ke kan gado ya ke nufi ba, gadon kansa. Yana cewa bayan yaƙi an zaɓi abubuwa masu laushi, kamar shirya furanni da bikin shan shayi, a ke nuna wa baƙi, aka ɓoye takobi a ƙarƙashin tabarma, al'ada kuwa in an raba ta biyu ta mutu. Saboda haka ya so Sarki ya komo yana miƙa wa soja tuta da hannunsa kamar da. Cikin 1966 ya rubuta Eirei no Koe, watau Muryar Jarumawan Da Suka Mutu. A ciki kurwar hafsoshin 1936 da ta matuƙan kamikaze, samarin nan kusan 4,000 da suka faɗa wa jiragen ruwan Amurka da jiragensu, suka zo suna zargin Hirohito. Sun mutu domin allah, shi kuwa ya tashi ya ce shi mutum ne, ya mai da mutuwarsu banza. Wannan ya ɓata wa tsofaffin masu kishin sarauta rai ƙwarai, don a wurinsu ba a zargin Sarki. Kun ga ke nan, har Sarkin ma bai kai Sarkin da ke cikin kan Mishima ba.

Sai mu ba shi gaskiyarsa inda ya ke da ita. Maganarsa a kan Sashe na 9 ba shirme ba ce. Da yaƙin Koriya ya tashi cikin 1950, Amurka ɗin da ta hana Jafan soja ita ce ta sa aka kafa runduna ta mutum 75,000 da sunan 'yan sanda, cikin 1954 aka mai da ita Rundunar Kare Kai. Ga tankoki, ga jirage, amma doka ta ce ba soja. Mishima ya ce wannan ƙarya ce da dukan ƙasa ta yarda ta zauna a kai, kuma ƙarya irin wannan tana ruɓar da zuciyar al'umma. Haka nan tsoronsa na cewa arziki zai cinye kome. Cikin 1964 Tokiyo ta karɓi wasannin Olimfik, cikin 1968 Jafan ta wuce Jamus ta Yamma wajen arziki. A watan Yuli 1970 ya rubuta a wata jarida cewa yana jin Jafan za ta ɓace, abin da zai rage a wurin sai wata ƙasa mai kuɗi da wayo wadda ba kome a cikinta. Duk wanda ya ga harshen kakanninsa yana ƙanƙancewa a bakin ƙannensa ya san wannan tsoro.

Amma ga inda na rabu da shi. Takobin da ya ke kuka an ɓoye, ai an san abin da ya yi kafin a ɓoye shi. Jafan ta mallaki Koriya daga 1910 zuwa 1945. A watan Disamba 1937 sojanta suka yi kisa da fyaɗe a birnin Nankin na ƙasar Sin wanda har yau ba a manta ba. Jafanawa kansu wajen miliyan 3 suka mutu a yaƙin. Mu ma nan abin ya taɓa mu, gama kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da sojan Jafan a dazuzzukan Bama, shi ya sa har yanzu a ke da barikin Arakan a Ikko da barikin Cindit a Zariya. Mishima bai jahilci wannan ɓarna ba. Cikin 1955 ya rubuta wani ɗan gajeren labari a kan wani tsohon kanar mai lambun furanni 580, kowane fure a madadin mace guda da ya kashe a Nankin. Ya sani sarai. Amma da ya shiga wa'azin kishin ƙasa, waɗannan matan ba su sami wuri a cikin lissafinsa ba. Matattun da ya ke jin muryarsu samari ne kyawawa masu kaki, waɗanda suka tafi inda shi bai je ba.

Cikin 1967 ya nemi izini ya shiga horon soja wajen mako shida tare da Rundunar Kare Kai. A watan Oktoba 1968 ya kafa tasa ƙungiya, Tate no Kai, watau Ƙungiyar Garkuwa. Samari ne wajen 100, yawancinsu ɗaliban jami'a, ya ɗinka musu kaki mai kyau da kuɗin aljihunsa, suka yi rantsuwar kare Sarki in 'yan gurguzu sun tashi. Jaridu suka mai da su abin dariya, suna ce musu sojan wasa. A wannan wata kuma aka ba Kawabata kyautar Nobel. Da aka buɗe takardun masu ba da kyautar bayan shekara 50, an ga sunan Mishima ya kai cikin mutum shida na ƙarshe tun 1963. Ya je ya taya uban gidansa murna, amma ya san ba za a sake ba wani Bajafane ba sai an daɗe.

Ba matsoraci ba ne, wannan kam dole a faɗa. Ran 13 ga Mayu 1969 ɗalibai masu ra'ayin juyin mulki, abokan gabansa, suka gayyace shi muhawara a Jami'ar Tokiyo. Ya tafi ya tsaya gaban mutum wajen 1,000, aka yi sa'a biyu da rabi ana gardama har da dariya. Ya gaya musu da za su ambaci sunan Sarki kawai, da ya haɗa hannu da su. Abin da ya ke jira shi ne tarzomar ɗalibai ta fi ƙarfin 'yan sanda, a kira soja, daga nan dole a gyara tsarin mulki. Ran 21 ga Oktoba 1969 aka yi babbar zanga-zanga, 'yan sanda kaɗai suka kwantar da ita. Mishima ya ga ranar da ya ke jira ba za ta zo ba.

Duk wannan lokaci yana rubuta babban aikinsa, littattafai huɗu masu suna Hojo no Umi, watau Tekun Albarka. Sunan wani fili ne a kan wata, inda ba ruwa ko ɗigo. Labarin wani alƙali ne, Honda, wanda ya ga abokinsa ya mutu yana saurayi, ya dinga ganin kamar an sake haifuwarsa cikin mutane dabam dabam, yawancinsu suka mutu da ƙuruciya, shi kuwa yana tsufa yana kallo.

Da safiyar 25 ga Nuwamba 1970 ya bar shafukan ƙarshe na littafi na huɗu a gida domin a ba mai bugawa. Ya sa kakinsa, ya ɗauki wani tsohon takobi, ya shiga mota da samari huɗu na ƙungiyarsa. Suka nufi barikin Icigaya a tsakiyar Tokiyo, inda Janar Kanetoshi Mashita ya karɓe su a ofishinsa kamar baƙi, don ya san Mishima. Ana cikin duba takobin sai samarin suka kama Janar suka ɗaure shi a kujera, suka tokare ƙofofi. Hafsoshin da suka yi ƙoƙarin shiga aka sassare su, mutum takwas suka ji rauni. Mishima ya ce a tara soja a fili, in ba haka ba ran Janar. Aka tara wajen mutum 800 zuwa 1,000.

Wajen tsakar rana ya fito baranda da ɗan ƙyalle ɗaure a goshi. Ya kira su su tashi tare da shi a rushe tsarin mulkin da ya ce ba su, su zama sojan Sarki na gaskiya. Ba shi da lasifika, ga jirage masu saukar ungulu na 'yan jarida suna ruri a sama. Sojan nan kuwa, yawancinsu 'ya'yan talakawa ne da suka shiga aiki don neman abinci, an ɗaure musu kwamanda, an sari 'yan'uwansu. Suka yi ta yi masa ihu suna cewa ya sauko. Ya shirya maganar rabin sa'a, bai kai minti goma ba ya tsaya. Ya yi wa Sarki kirarin tsawon rai sau uku, ya koma ciki. A nan ofishin, gaban Janar da ke roƙonsa ya bari, ya kashe kansa bisa al'adar samurai da a ke kira seppuku. Masakatsu Morita, shugaban ɗaliban ƙungiyar, ya bi shi nan take. Shekararsa 25, tsaran da yawa daga cikinmu. An ce Mishima ya so ya hana shi, ya ƙi. Ko da haka ne, wanda ya tara samari ya ɗinka musu kaki, ya shekara biyu yana koya musu cewa mutuwa ita ce kambin namiji, ba ya iya wanke hannunsa a ranar ƙarshe.

Da labari ya kai wa Firayim Minista Eisaku Sato, sai ya ce ba ya ganin kome a ciki sai taɓin hankali. Ba soja ko ɗaya da ya motsa. Samari uku da suka rage suka kwance Janar, suka miƙa kansu, cikin 1972 kotu ta ɗaure kowannensu shekara huɗu. Kawabata ne ya shugabanci jana'izar a watan Janairu 1971, shi ma ya rasu a watan Afrilu 1972. Da littafin ƙarshe ya fito, masu karatu suka ga yadda ya rufe shi. Tsoho Honda ya je wani gidan ibada wurin matar da abokinsa ya so shekara 60 da suka wuce, ta ce ita ba ta taɓa sanin mai wannan suna ba, ko ma an taɓa yinsa. Aka kai shi wani lambu, ba kowa, ba kome, sai rana.

Littattafansa suna nan ana fassara su cikin harsuna da yawa, kuma tun 1988 a ke ba da wata kyautar adabi da sunansa a Jafan. Tsarin mulkin da ya mutu yana ƙi ya cika shekara 75 cikin 2022 ba a canja masa ko kalma guda ba, ko da ya ke cikin 2015 gwamnatin Shinzo Abe ta yi dokokin da suka faɗaɗa aikin Rundunar Kare Kai. Ginin Icigaya kuwa, wanda a babban zaurensa ne aka yi wa Janar Tojo da sauran shugabannin yaƙi shari'a daga 1946 zuwa 1948, an rushe yawancinsa, aka sake tsai da zauren da ofishin Janar Mashita a gefe guda cikin harabar Ma'aikatar Tsaro. Masu ziyara a kan nuna musu ƙofar ofishin, da sāran takobi uku a jikinta.